Turmi, Sifirin da Boris: Kayan Bugun Bodi da Za Ka Iya Haɗawa da Hannunka a Kano

Duk wanda ya taɓa sayen mota hannu na biyu a garin nan ya san dabarar maganaɗisu, ka ɗauko shi ka bi jikin motar da shi a hankali, inda ya kama ƙarfe ne, inda ya saki ya faɗo to fila ce, wato ƙullin da ake cike lotsawa dashi, aka lafta aka bi da fenti. Ni fanabita ne, aikina kenan tun ina yaro, kuma abin yana min ciwo ƙwarai in ga an san mu da lafta fila fiye da bugun ƙarfe, a garin da tarihinsa ma da maƙera ya fara a gindin Dala. Ba ƙin fila nake ba, tana da wajenta, amma wajenta shafe ne siriri dan cike 'yan ƙananan ramuka, in ta wuce kaurin milimita 3 to ka san rana ce kawai bata zo ba, zafin Afrilu na Kano da yake haura digiri 40 zai buɗa kwanon jikin motar ya tsuke shi kullum, ga ramukan titi, wata rana sai kaga ta tsage kamar yadda kowa ya saba gani a ƙofofin tasi da adaidaita.

Abin da na lura dashi shine ba hannu ne yaranmu basu dashi ba, wallahi akwai masu hannu a Kwakwaci da Ƙofar Ruwa da in ka tsaya kallonsu sai ka manta inda zaka. Kayan aikin ne. Guduma ɗaya ce a garejin, da ita ake cire fin, da ita ake dukan shasi, da ita ake bugun fenda, fuskarta duk ta farfashe, to ta yaya kwano zai fito sumul? Dole a nemi abin rufe aibi. Shi yasa nake son inyi bayanin kayan da nake amfani dasu da yadda na gyara su, musamman ga mai son ya wuce gyaran lotsawa ya kai ga ƙera fenda ko bonet ko gefen mota sabo fil daga shimfiɗaɗɗen kwano.

Kafin kaya, a fahimci ƙarfen. Kwano abu biyu kawai yake yi in kana son ya ɗauki siffa, ko ya miƙe ya ƙara faɗi yana sirancewa, ko ya tattaru ya ƙara kauri. Lanƙwasa daban ce, wannan ko yaro zai yi a bakin benci, bata canza kaurin komai. Amma ka duba ƙwarya, ta lanƙwasa ta ko'ina a lokaci ɗaya, ba zaka taɓa samun wannan siffar daga faifan kwano ba sai ka miƙar da tsakiya ko ka tattara baki, ko kayi duka biyun. Fendar mota haka take. In ka riƙe wannan, duk wani kayan aiki da ka gani tambaya ɗaya zaka masa, kai miƙarwa kake ko tattarawa?

Akwai wata hanya mai sauƙi ta sanin inda za'a miƙar da inda za'a tattara. Ka samu takardar buhun siminti ka shimfiɗa akan tsohuwar fendar da kake son kwaikwaya, ka danne da maganaɗisu ko salatif. Inda takardar ta tattare sai ka ninke ta kafin ta kwanta, nan ne ƙarfe zai buƙaci tattarawa, inda kuma taƙi kaiwa sai ka tsaga ta da reza ta buɗe baki, nan ne za'a miƙar. Ka zana da biro, ka ɗora akan kwanonka ka kwafe. In kuma siffar sabuwa ce daga kanka, babu tsohuwar da zaka kwaikwaya, to sai ka haɗa ƙwarangwal da filawud ko da rodi siriri, shi zaka dinga ɗora aikin akai kana gwadawa. Kar ka buga akan ƙwarangwal, na awo ne kawai.

To guduma. Ka ware guda biyu ko uku waɗanda babu mai taɓa su sai dan kwano, ko maigida ne yazo neman abin buga ƙusa a bashi wata. Duk wani tabo da yake fuskar guduma sai ya fito a jikin kwano, duk bugu ɗaya tambari ɗaya, kayi bugu dubu kaga tambari dubu. Gyaran ba wuya, ka fara da magagari ko giranda ka share fuskar, ka bar mata ɗan tudu kaɗan a tsakiya, ka kashe kaifin gefen gaba ɗaya dan shine yake yanka maka 'yan wata-wata a jikin aiki, sannan ka bi da sanfefa daga 80 zuwa 180 zuwa 400 har 1000, ka ƙare da man goge ƙarfe har sai kaga fuskarka a ciki. In kana giranda kar ka bari tayi zafi har ta canza kala zuwa shuɗi, taurinta zai tafi, ka ajiye ruwa a gefe kana tsomawa. Haka zaka yiwa doli, wato dunƙulen ƙarfen da ake tarewa dashi ta baya. Da yamma in an tashi a shafa musu bakin mai a nannaɗe a tsumma, musamman da damina.

Shi dolin ba sai ka saya ba. Guntun aksil na babbar mota, kan tsohuwar babbar guduma, guntun ƙarfe mai kauri daga wajen 'yan gwangwan, duk suna yi, abin da ake so ya zama yana da nauyi kuma tudunsa ya kusa da siffar wajen da kake bugu. Yadda ake riƙe shi kuma shine rabin sana'ar. In ka sa shi daidai ƙarƙashin inda guduma take sauka zaka ji ƙara mai kaifi, ƙal ƙal, to ka sani kana matse ƙarfen kana miƙar dashi. In ka gusar dashi gefe ƙarƙashin kwari kana bugun tudun da yake kusa, ƙarar zata mutu, to nan daidaitawa kake ba tare da ka ƙara faɗi ba. Yara da yawa basu san bambancin ba, suna ta ƙal ƙal dan daɗin ji, kwano yana ta faɗi, ƙarshe ya kumbura ya zama in ka danna nan sai ya ɓullo can.

Sai abin da nafi so a garejin gaba ɗaya, tsohon turmi. Turawa masu wannan aikin kututturen itace suke samu su fafe masa rami, mu kuwa ga shi nan a kowane gida an riga an fafe. Na ƙirya yafi, itacen yana da tauri baya saurin tsagewa, shi yasa ma maƙera suke son gawayinsa. Ramin turmi yayi zurfi da yawa dan haka ni juya shi nayi, na sa masassaƙi ya fafe min gindin rami mara zurfi kamar faɗin tafin hannu biyu, da wani ƙarami a gefe. Taɓaryar kuma aka yanke ta aka mata ƙota ta zama gudumar itace, kai ɗaya mai faɗi ɗaya mai ɗan tsini. Itace baya sirantar da kwano kamar ƙarfe, kuma baya barin mugun tabo.

Ga yadda tattarawa take a turmin, dan nan ne mutane suke cewa ai ba zai yiwu ba sai da wuta. Ka ɗora bakin kwanon akan ramin, ka buga ɗan ciki kaɗan da baki, zakaga bakin ya tashi yayi ƙunci kamar tattarar zani. Wannan ƙuncin shi ake nema. Sai ka kulle shi, ka fara bugu daga can ƙarshensa na ciki inda yake siriri, kana bin gefe da gefe kana tahowa waje a hankali, baka barin ya buɗe ya koma yadda yake kuma baka barin ya kife ya ninku akan kansa, in ya ninku ya lalace sai yankewa. Kana kwantar dashi ƙarfen yana shigewa cikin kansa, in ka gama ka taɓa wajen da yatsa zakaji yafi kauri, kuma kwanon ya fara rufowa da kansa. Kayi haka a jere a bakin, kafin la'asar kaga siffar fenda ta fito, duk da dai a lokacin kamar buhun goro take da ƙulu-ƙulu, kar wannan ya tsorata ka, haka ake farawa. Masu buga kaskon suya da kwanon awo daga tsohon ƙarfe sun daɗe suna irin wannan a kasuwanninmu, mu ne dai bamu ɗauko mun kawo gareji ba.

Kuma kar wani yace wannan aikin talauci ne. A Modena ta ƙasar Italiya, garejin Scaglietti da aka buɗe a 1951 da guduma da itace da buhun yashi suka dinga buga jikin motocin tsere na Ferrari daga alminiyam, har da 250 GTO ta 1962 wadda guda 36 kacal aka yi, yau tana cikin motoci mafi tsada a duniya. Hannu ne da ido. Buhun yashin ma zaka iya yi, fata mai kauri zaka samu wajen dukawa a Kurmi a ɗinka maka zagaye biyu, ka cika da yashi mai laushi da ka tankaɗe ya bushe sarai, akansa ake miƙar da tsakiyar kwano.

Bayan ƙulu-ƙulu sai sharewa. Nan sifirin yake shigowa, fallen sifirin na tsohuwar fikof ko bas. Ƙarfensa mai kyau ne, yana da tauri yana da dawowa. Ka yanki kamar tsawon kamu ɗaya da rabi, ka gasa wajen da zaka lanƙwasa kawai ka masa wuya kamar cokalin magini dan hannunka ya tashi daga kan aiki, ka bar shi ya huce da kansa kar ka tsoma a ruwa zai iya tsagewa, sannan ka goge fuskar kamar yadda ka yiwa guduma. Amfaninsa shine yana sauka da faɗi, yana rarraba bugun, tudu yana sauka kwari yana tasowa akan doli ba tare da ƙarfen ya miƙe sosai ba. Ka shafa baƙin tawadar maka, wato alƙalami mai kauri, ko ɗan fenti siriri akan aikin, ka bi da magagari ko katako mai sanfefa sau biyu uku, inda yayi haske tudu ne inda ya rage baƙi kwari ne, ka ɗaga kwarin, ka sake shafawa ka sake bi. Aikin haƙuri ne gaskiya, amma kana gani baƙin yana raguwa har ya ƙare. Magagarin na nuna maka ne, ba na cin ƙarfe ba, kwanon motocin yanzu bai kai milimita 1 ba, wajen 0.7 zuwa 0.8 ne, in ka dage da ci zaka huda.

Yanzu injin taya, wanda ake kira Ingilish wil dan a Ingila ya shahara. Tayoyin ƙarfe biyu ne, babba mai shimfiɗaɗɗiyar fuska a sama, ƙarami mai tudu a ƙasa, ka sa kwano a tsakani ka matse kaɗan ka dinga turawa kana jawowa. Duk wucewa yana miƙar da siririn layi, layi kusa da layi, har kwanon ya ɗauki tudu mai santsi kamar daga kamfani. Baya son Nepa baya son janareta, wannan kaɗai ya isa yasa mu so shi. Na waje yana da tsada in ka haɗa da dala da kuɗin kawowa, amma ana haɗawa a nan. Tayar sama babban boris ne, wato zoben ƙarfen nan da taya take juyawa akansa, na tirela ko na injin masana'anta, fuskarsa ta riga ta taurara kuma a goge take. Na ƙasa kuma ka kai guntun aksil wajen tona, wato mai injin fere ƙarfe, ya fere maka kamar guda huɗu ko biyar, daga mai kusan shimfiɗa har mai tudu sosai, a huda a sa ƙananan boris a ciki. Abin matsewa jak ɗin mota mai zare ya wadatar, amma ka tabbata baya girgiɗi gefe da gefe.

Inda masu haɗawa suke faɗuwa shine firam. Suna samun bututu siriri su lanƙwasa shi su ce an gama, to da ka matse sai bakin ya buɗe, tayoyin su kauce daga saitin juna, matsin ya dinga canzawa, kwano ya fito da layi-layi. Firam ɗin yana son bututu mai kusurwa huɗu mai kauri, inci 4 ko sama, a ƙara faranti a kowace kusurwa a walde sosai, kuma kar kwaɗayin dogon wuya ya ja ka, iya tsawon wuyan iya yadda zai dinga buɗewa, inci 24 zuwa 30 ya ishi yawancin aikin mota tunda zaka iya juya kwanon. Gwajin da nake yi shine in sa farar takarda tsakanin tayoyin in matse kaɗan in ja, sawun da ya fito ya zama a tsakiya yake kuma faɗinsa ɗaya, in ya karkata sai a sa 'yar shim, wato siririn fallen ƙarfe na cike rata, a gyara. Sannan ka zaɓi tayar ƙasa wadda tudunta yafi na aikin kaɗan kawai, in ka ɗauki mai tudu sosai akan kwano mai kusan shimfiɗa zata tsaga maka sawu. Matsi kaɗan, wucewa da yawa, in ka gama ta tsaye ka juya kayi ta kwance, kar ka dinga tsayawa a waje ɗaya wajen juyowa, kuma ka bar bakin kwanon kar ka bi ta kansa, in baki ya miƙe tudun da ka tara zai zube. Yatsu kuma a kula, tayar bata san oga ba bata san yaro ba.

Wani abu da ya kamata a sani, ƙarfe in ana bugunsa taurara yake, tun yana bin hannu har ya fara gardama, in ka matsa masa ya tsage. A alminiyam abin yafi saurin faruwa, duk wanda ya taɓa aikin tsohuwar Land Rover ya sani, dan jikinta alminiyam ne tun 1948 da aka fara ta. Maganin shine a gasa shi ya saki. Alminiyam baya ja kafin ya narke, kawai zakaga ya zube, dan haka ka goga masa sabulun wanki ka bi da wuta a hankali kana yawo da ita, da sabulun ya koma baƙi ka ɗauke, ya isa. Shi kuma kwanon ƙarfe da ya kumbura, ka gasa waje ɗaya kamar faɗin kwabo yayi ja, ka tara doli ka bubbuga kewayen zuwa tsakiya da sauri, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma, zai tsuke. Amma wannan na fatar waje ne kawai. Ginshiƙan ƙofa da ƙashin motocin zamani ƙarfe ne na musamman mai ƙarfin gaske da wuta take kashewa, in ka gasa ka miƙar zai yi kyau a ido, ranar hatsari kuma ya murƙushe da mutane a ciki. Wannan amana ce, a canza shi kawai. Masu tukunyar kabaid ta waldar gas kuma dan Allah a sa abin tare wuta a tiyo, a kuma nisanta ta daga inda ake giranda.

Wajen haɗa gutsattsarin ma akwai magana, dan fenda guda ba'a cika yinta da falle ɗaya ba, biyu ko uku ake yi a haɗa. Kar a ɗora wani kan wani, a haɗa baki da baki ba rata, a ɗiga walda duk bayan inci ɗaya, sannan a bi da gas da ƙaramar wuta, abin cikawa kuma siririn yanki daga shi kansa kwanon. Walda tana tsukewa in ta huce, ita ce take jawo aikin ya murɗe, dan haka kana yi kana bugun layin akan doli, wannan karon ƙal ƙal ɗin ake so, ya miƙe ya dawo. In anyi daidai aka share, ko ta baya ka leƙa da ƙyar zaka gane wajen. Waldar lantarki ta sanda bata dace da wannan ba, huda take. Kwanon rufi mai farin shafe kuma a barshi, hayaƙin zinc ɗinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, ga fenti baya kama shi da kyau. Ka nemi baƙin kwano geji 18 ko 20, wato wajen milimita 1.2 ko 0.9, na koyo kuma tsohon rufin mota ko bonet daga 'yan gwangwan ya isa.

Aikin yana nan fa ga mai iyawa. Fijo 504 da aka dinga haɗawa a Kaduna tun 1975 har yau akwai masu riƙe da ita suna son ta dawo sabuwa, kuma fendarta da ƙasan ƙofarta masu kyau sai an sha yawo a Ƙofar Ruwa kafin a samu. Ga tsofaffin Marsandi, ga masu son a mayar da bas motar sayar da abinci ko ta ɗaukar marasa lafiya, ga adaidaita da kullum gefenta a lotse. Matsalar dai kuɗi da lokaci, mai mota yana son yau-yau. Ni abin da nake yi shine in faɗa masa farashi biyu tun farko, in ce Alhaji wannan na fila ne ka dawo jibi, wannan kuma na ƙarfe ne sai sati mai zuwa, in ɗauko masa fendar da na buga ba fenti in miƙa masa maganaɗisu ya gwada da hannunsa. Wasu na farkon suke zaɓa kuma bana jin haushi, aljihu ne. Wasu kuma su juya fendar su shafa bayanta su ce a yi na biyun.

Abin da nake haɗawa yanzu shine abin jan layi da ƙwarya-ƙwaryar ƙarfafa kwano, irin layukan da kake gani a ƙasan mota da bayan fikof, tayoyi biyu ne namiji da mace akan sanduna biyu da giyar tsohon injin markaɗe take juya su tare. Tona ya gama fere tayoyin, saura in ƙarfafa farantin dan shima in yayi siriri buɗewa zai dinga yi kamar firam ɗin injin taya. Yaran garejin su zasu fara gwada shi akan tsohon bonet in sha Allahu, kowa ya ja layi goma madaidaita kafin ya taɓa motar mutane, kuma duk mai bugu a turmi ko a doli sai ya toshe kunnensa da auduga ko abin kunne.